Roy Francis: Baƙon Da Ya Zama Malamin 'Yan Gari

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Wuse a Abuja, ko na Agege da Sabon Ibadan, ba zai rasa jin sunayen Leeds da Hull da Wigan ba. Garuruwa ne na Arewacin Ingila, kuma ta hanyar ƙwallon ƙafa samari suka san su. Amma fa a waɗannan garuruwa akwai wani wasa dabam wanda ma'aikata suka riƙe tamkar gadon gidansu, watau zari-ruga irin na mutum 13, wanda Turawa ke kira Rugby League. A cikin wannan wasa ne wani baƙar fata mai suna Roy Francis ya yi abin da ba a taɓa gani ba a Birtaniya. Ya zama shugaban horar da ƙartin Turawa a babban kulob, yana ba su umarni suna bi, a zamanin da baƙin mutum kan sha wuya kafin ya sami ko ɗakin haya a ƙasar.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Ƙwallon ba zagaye take ba, siffar ƙwai gare ta, kuma a hannu ake ɗaukarta a ruga da gudu. Ba a jefa wa abokin wasa ita ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Abokan hamayya kuwa aikinsu shi ne su cafke mai ƙwallo su kā da shi ƙasa. Wanda ya kutsa ya kai ta bayan layin ƙarshe ya dangwala ta a ƙasa, ya yi babban ci, maki 3 a zamanin Francis. Daga nan sai a ba ƙungiyarsa damar buga ƙwallon da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu, in ta shiga an ƙara musu maki 2.

Asali wasan iri ɗaya ne, na mutum 15, kuma 'ya'yan masu hali ne ke riƙe da hukumarsa a Landan. Dokarsu ita ce kada a biya ɗan wasa ko kwabo. Wannan doka ba ta damu ɗan attajiri ba, amma a Arewacin Ingila masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa ke buga wasan, kuma duk wanda ya bar aiki ranar Asabar don ya buga, an yanke masa kuɗin yini. Kulob-kulob na Arewa suka roƙi a bar su su riƙa cike wa 'yan wasansu wannan giɓi, hukuma ta ce atafau. Ran 29 ga Agusta 1895 sai wakilansu suka taru a wani otal a garin Huddersfield, kulob 22 suka ɓalle suka kafa tasu hukumar, suka yarda a biya ɗan wasa har sule 6 na ranar da ya rasa aiki. Cikin 1906 suka rage yawan 'yan wasa zuwa 13. Tun daga nan gaba ta ƙullu tsakanin ɓangarorin biyu, har aka yi shekara 100 cur ana yinta.

Ƙasar Wales ta zauna a ɓangaren masu mutum 15, alhali mutanenta talakawa ne masu haƙar kwal. Saboda haka duk yaron da ya gwanance, sai wakilan kulob-kulob na Arewacin Ingila su zo masa da kuɗi a hannu. In ya karɓa, shi ke nan an kore shi daga wasan gida har abada, ko zauren kulob ɗinsu na dā ba a son a gan shi a ciki. A Nijeriya Kudu ake gangarawa neman abin kai, shi kuwa ɗan wasan Wales Arewa yake haurawa, amma zafin barin gida ɗaya ne.

An haifi Roy Francis a Wales ran 20 ga Janairu 1919. Mahaifinsa baƙar fata ne daga tsibirin Trinidad, mahaifiyarsa kuwa Baturiya. Bai cika wata shida a duniya ba aka yi tarzoma a birnin Cardiff, inda Turawa suka far wa unguwannin baƙaƙen fata da Larabawa masu aikin jirgin ruwa, har aka rasa rayuka uku. Ya girma a Brynmawr, wani ƙaramin gari a kan tudu mai tsananin sanyi. Lokacin da ya kai saurayi ramukan kwal na yankin sun rufe, fiye da rabin mazan garin suna zaune ba aikin yi. A kulob ɗin garin ya fara wasa, kuma tun yana yaro aka ga yana da gudu da wayon kauce wa mai tare hanya.

Da a ce fatarsa fara ce, wataƙila da ya yi haƙuri ya jira ranar da za a kira shi ya buga wa ƙasarsa. To amma kowa ya san babu wannan rana. Ba a sa baƙar fata cikin ƙungiyar ƙasar Wales ta mutum 15 ba sai a shekarun 1980. Don haka da kulob ɗin Wigan ya zo nemansa cikin Nuwamba 1936, yana da shekara 17, bai yi wata-wata ba ya sa hannu ya bar gida.

Zamansa a Wigan bai yi tsawo ba, ko da yake ya fara da ƙafar dama. Cikin 1938 aka kawo sabon manaja daga Ostireliya, daga nan aka daina sa yaron a wasa, kuma cikin Janairu 1939 aka sayar da shi ga kulob ɗin Barrow, wani garin maƙeran jiragen ruwa a can bakin teku. Masu bin tarihin wasan sun danganta wannan al'amari da launin fatarsa, domin babu wani aibi da aka gani a wasansa. Abin da ya samu a Wigan wanda ya zauna masa shi ne mata, domin a wannan lokaci ya auri wata Baturiya, auren da ba kowa ya yi murna da shi ba a Ingila ta wancan zamani.

Bai daɗe a Barrow ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga soja. Wannan yaƙi da ya cinye wa 'yan wasa da yawa ƙuruciyarsu, shi makaranta ya zame masa. An ba shi muƙamin saje, aka sa shi aikin koyar da motsa jiki, har da farfaɗo da sojojin da suka dawo daga fagen fama da raunuka. A nan ya koyi yadda ake gina jikin mutum daki-daki, da yadda ake lallashin wanda zuciyarsa ta karye har ya sāke miƙewa, da yadda ake sa ƙato ya yi abin da ba ya so ba tare da an wulaƙanta shi ba. Duk abin da ya yi suna da shi daga baya, tushensa yana nan.

A lokacin yaƙin an sassauta dokoki. Ya riƙa buga wa kulob ɗin Dewsbury a matsayin ɗan aro, kuma da yake an yafe wa sojoji waccan tsohuwar gaba, har ya buga wasan mutum 15 a gasar sojoji tsakanin Ingila da Sikotilan. Abin dariya da ban takaici, rigar Ingila ya sa, ba ta Wales ba.

Da yaƙi ya ƙare, cikin 1946 aka zaɓi ƙungiyar Birtaniya da za ta tafi Ostireliya, tafiyar da aka yi a cikin jirgin ruwan yaƙi don babu na fasinja. Francis yana kan ganiyarsa, yana cikin 'yan gefe mafi haɗari a ƙasar, amma da aka karanta sunaye babu nasa. Ostireliya a lokacin tana da doka tun ta 1901 wadda ta toshe wa waɗanda ba Turawa ba hanyar shiga ƙasar, kuma abin da aka fi yarda da shi shi ne shugabannin wasan sun guji rigima ne suka bar shi a gida. Sai ran 20 ga Disamba 1947 aka ba shi rigar Birtaniya, a karawa da Niyu Zilan a filin Odsal na Bradford. Ya kai ƙwallo bayan layi sau biyu, Birtaniya ta ci 25 da 9. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa Birtaniya wannan wasa, kuma ba a sāke kiransa ba. Don mai karatu ya auna nisan abin, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila ba ta sa baƙar fata a babban wasa ba sai 1978, lokacin da aka kira Viv Anderson, shekara 31 bayan haka. Ƙungiyar Wales ta mutum 13 ita kam ta sa shi sau 5.

Cikin 1948 ya koma Warrington, inda suka kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa a 1949, Huddersfield ta doke su 13 da 12 a gaban mutum fiye da 75,000. A ƙarshen wannan shekara ya koma Hull. Ita ce kuma shekarar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta fara zuwa Ingila, su Teslim Balogun, mafi yawansu suna bugawa ba takalmi.

A lokacin Hull garin masunta ne da ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Mazan unguwar Hessle Road sukan yi mako uku a kan tekun ƙanƙara suna kamun kifi, wasu ba sa dawowa, kuma in sun sauko ba su da wurin huce gajiya kamar filin kulob ɗinsu, Boulevard. Mutane ne masu kaifin baki, ba sa raga wa kowa. Waɗannan mutane ne, a farkon shekarun 1950, suka wayi gari an ɗora musu baƙar fata ɗan Wales a kan horar da ƙungiyarsu, yana wasa yana koyarwa. Ya ci gaba da bugawa har ƙarshen 1955, inda ya rataye takalmi bayan wasa 356, ya yi babban ci 229.

A wancan zamani horarwa ba wani abu ba ne. 'Yan wasa duk ma'aikata ne, sukan taso daga aiki da yamma sau biyu a mako, su zagaya fili da gudu, su ɗan jefa ƙwallo, kowa ya kama gabansa. Francis ya rushe wannan. Ya kawo horon soja, amma na mai hankali: gajeren gudu mai zafi maimakon doguwar sassarfa, da ɗaga ƙarfe, da lura da abin da mutum ke ci. Ya sa ana ɗaukar hoton wasa da na'urar majigi, a zauna a kalla, ya tsai da hoton ya nuna wa mutum inda ya yi kuskure. Yau ko ƙaramin kulob yana yin haka, amma a lokacin wasu ganin almubazzaranci suke yi. Ƙartin gaba, waɗanda a dā aikinsu ture-ture ne kawai kamar shanun huɗa, ya koya musu gudu da miƙa ƙwallo hannu da hannu, har 'yan gaban Hull suka zama abin tsoro a ƙasar duka. Cikinsu akwai kyaftin Johnny Whiteley, da Mick Scott, da Tommy Harris, da tagwaye Jim da Bill Drake.

Wani abin da ya yi kuma, wanda ya fi waɗannan duka nuna irin tunaninsa, shi ne jawo iyalan 'yan wasa a jika. Ya lura mutumin da ya yi aiki kwana biyar da rabi, ya ba da yammacin kwana biyu ga horo, ranar Asabar kuma ya tafi wani gari ya dawo da kumburarren ido, to matarsa tana da abin faɗa a gida. Ga shi kuma kuɗin da ake biya in an ci wasa ya fi na ranar da aka sha kāshi nesa ba kusa ba, watau har tukunyar gidan tana jin sakamakon wasa. Sai ya shirya mota ta riƙa kai matan da yara kallon wasa, ya san su, ya san damuwarsu. Mutumin da ya bar gida yana ɗan shekara 17 ya zauna cikin baƙi, ba sai an gaya masa abin da rashin kwanciyar hankali a gida ke yi wa namiji a wurin aiki ba.

Amfanin ya fito cikin Mayu 1956. Hull ta haɗu da Halifax a wasan ƙarshe a Manchester, ana binta 9 da 8 saura ƙiris a tashi, sai aka ba ta bugun laifi daga can gefen fili. Colin Hutton ya buga ta shiga, Hull ta zama zakarar ƙasa da 10 da 9, karo na farko cikin shekara 20. A 1957 suka sāke zuwa wasan ƙarshe, Oldham ta ƙwace da maki ɗaya tak, 15 da 14. A 1958 suka rama a kan Workington Town, 20 da 3.

Kofin Ƙalubale ne dai, wanda ake bugawa a Wembley, ya ƙi shi a Hull. A 1959 tsohon kulob ɗinsa Wigan ya lallasa su 30 da 13. A 1960 suka je da ƙungiya rabi duk 'yan ciko saboda raunuka, Wakefield ta yi musu 38 da 5 a gaban Sarauniya Elizabeth. Masu sukarsa suka ce ya iya gina 'yan gaba amma ya bar baya a sake, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Kafin ya bar garin, cikin 1961 kulob ɗin ya gwada wani siririn soja baƙar fata daga Cardiff mai suna Clive Sullivan, wanda ya kai ƙwallo bayan layi sau uku a ranar gwajin, aka ɗauke shi nan take.

Cikin 1963 Leeds ta ɗauke Francis. Kulob ne na masu kuɗi, wanda ya saba sayen manyan 'yan wasa da suna. Shi kuwa sai ya sallami tsofaffi, ya shiga tattara yaran yankin, irin su Mick Shoebottom da Syd Hynes da John Atkinson da Alan Smith. Shekarun farko ba su yi daɗi ba, 'yan kallo suka yi ta gunaguni. Amma cikin 1966 hukuma ta canja doka, ta ce in an kā da 'yan ƙungiya sau huɗu a jere dole su rabu da ƙwallo. Zamanin riƙe ƙwallo ana rarrafe da ita ya wuce, sai mai gudu da saurin hannu. Francis kamar ya san da zuwan dokar, domin yaransa a kan haka ya rene su. Wanda aka ce bai iya gina baya ba, sai ga shi da 'yan bayan da babu kamarsu. Leeds ta ƙare a saman tebur a 1967 da 1968.

Ran 11 ga Mayu 1968 ya koma Wembley karo na uku, kuma da Wakefield ɗin nan dai. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama tafki, mutum ya faɗi sai ya yi ta sulɓewa ruwa na tashi. Mutum 87,000 suna zaune a jiƙe. Saura minti ɗaya Leeds tana gaba da 11 da 7, magoya bayanta har sun fara murna. Sai wani ɗan gefen Wakefield, Ken Hirst, ya yi ta dukan ƙwallo da ƙafa cikin ruwa har ya faɗa kanta a gindin sanduna. Ya zama 11 da 10, saura bugun maki 2, daga gaban sanduna sak, irin wanda yaro ma zai zura. Mai bugun kuwa Don Fox ne, wanda aka riga aka zaɓa gwarzon wasan. Ya taho ya buga, ƙwallon mai santsi ta zame daga ƙafarsa ta bi gefe, ya durƙushe a cikin ruwa, alƙali ya hura tashi. Haka Francis ya sami kofin da ya yi shekara tara yana nema. Sai dai har yau in an tuna wannan rana, sunan wanda ya ɓarar da bugu ake fara ambata, ba na wanda ya gina ƙungiyar da ta ci ba.

Daga nan ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Ya karɓi aikin horar da kulob ɗin North Sydney, a ƙasar nan da ba a tafi da shi ba a 1946. Kulob ɗin rabonsa da kambu tun 1922. Ya yi kaka biyu, 1969 da 1970, bai ci nasara ba. Jaridun garin suka sa shi gaba, wasu 'yan wasa suka ƙi ba shi haɗin kai, ya kuma sha zagi a kan launin fatarsa. Ya tattara iyalinsa ya komo Ingila. A daidai wannan lokaci, cikin 1970, ƙungiyar Birtaniya ta je Ostireliya ta ci gasar da ke tsakaninsu, abin da ba ta sāke yi ba tun daga ranar. Mai horar da ita Johnny Whiteley ne, ɗalibinsa na Hull, kuma da yawa cikin 'yan wasan yaransa ne na Leeds. Cikin 1972 Clive Sullivan ya ɗaga Kofin Duniya a Faransa, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin wata ƙungiyar Birtaniya a kowane irin wasa. Shi malamin nasu ba a taɓa ba shi ƙungiyar ƙasa ya horar ba.

Sauran shekarunsa na aiki ba su kai na baya armashi ba. Ya ɗan koma Hull, ya sāke komawa Leeds ya ci musu wani kofi a 1975 bayan sun doke St Helens 26 da 11, ya ƙarasa a Bradford Northern, ya ajiye aiki cikin 1977. Ya mutu cikin Afrilu 1989 yana da shekara 70. A lokacin wani yaro mai suna Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya fara tashe a wannan wasa a matsayin ɗan gefe, wurin da Francis ya buga, kuma kafin ya bari ya yi babban ci fiye da 500.

Bayan mutuwarsa an yi shekaru ba a cika ambatonsa ba, in ban da tsofaffin Hull da Leeds, musamman a Wales inda ba a yafe wa masu tafiya Arewa da wuri. Sai cikin 2025 wani masanin tarihin wasan, Tony Collins, ya fitar da littafi sukutum a kan rayuwarsa. Kafin wannan, cikin Oktoba 2023, mutanen Brynmawr sun tara kuɗi sun kafa mutum-mutuminsa a garin, shekara 87 bayan ya fita daga cikinsa neman abinci.